Hulunan Fiffiken Jirgin Inna Tsahara

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa bai jingina ta da komai ba, ya ɗaga sama bai kafa mata ginshiƙi ba, ya ba tsuntsu fiffike biyu bai fifita ɗaya a kan ɗaya ba.

Bayan haka, ni ne Tunau ɗan Shekarau, mutumin Gangaren Rimaye. Na bar gida ina da shekara talatin da ɗaya, da jakar fata guda a kafaɗa da harsuna huɗu a baki, ina neman Gidan Littattafai na Zaitara, inda aka ce an tara duk abin da ɗan Adam ya rubuta a kan iska da taurari. Na ratsa garuruwa goma sha tara. An karrama ni a uku, an tsare ni a biyu, sauran ba su san na wuce ba. A cikin wannan tafiya duka, aiki ɗaya ne hannuna ya shiga wanda har yau idan na tuna shi nakan gyara zama. Shi zan ba da labari.

Sai dai dole in fara da tiyo, domin ba don shi ba da babu labarin.

A shekarata ta uku a hanya na isa Birnin Ƙuraiza, wanda aka gina a kan turaku a tsakiyar tafki. Na sauka wajen wani magini mai suna Cindo, mutum mai ƙarancin magana. A garin nan idan turke ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsawo da yatsa guda, ɗaki ya karkace ke nan, tukunya ta riƙa gangarawa da kanta. Abin awonsu hanjin wani ƙaton kifi ne na tafkin. Sukan wanke shi, su shanya, su shafe shi da mai har ya zama tiyo mai laushi, tsawon gaba goma, ana ganin ruwa ta jikinsa. A cika shi, mutum biyu su riƙe bakunansa. Ko bango ne a tsakaninsu, ruwan wannan bakin daidai yake tsayawa da na wancan. Cindo ya nuna mini sau ɗaya, ya ce shi dai bai taɓa ganin ruwa ya yi wa wani kara ba, ya ba ni tsohon tiyonsa, ya koma aikinsa.

Hakimin tafkin ya ji cewa ina karanta wasiƙu da harsuna huɗu, sai ya so ni so mai nauyi. Ya ba ni riga da ɗaki da dogarai biyu, ya hana masu kwalekwale su ɗauke ni. Na yi wata biyar ina cin kifi mai kyau. Wata rana da tsakar rana, lokacin da zafi ya kwantar da dogaran a inuwa, na naɗe jakata da fata mai kakin zuma, na yanki kamu ɗaya daga tiyon, na sa a baki, na sauka ta wurin wanka. Na bi ƙarƙashin ruwa ta cikin ciyayi, ɗan bakin tiyon kawai ke waje, har ƙafata ta taka gaɓa. Rigar hakimi na bar masa a rataye.

Daga nan na shiga ayarin amalanke masu kai dogayen akwatuna daga gaɓar tekun yamma zuwa Tudun Marzaƙu. Mun ratsa wani kwari inda abin da mutum ya faɗa yau sai gobe dutse yake mayar da shi, don haka 'yan ayari ba sa buɗe baki a wurin, tun ranar da wani ya zagi madugu a ɓoye, washegari ayarin da ke bayansu ya ji komai da sunaye. A cikin wannan shirun na gano abin da muke ɗauke da shi. Kowane akwati jirgin sama ne a warwatse, gunduwa-gunduwa, da injinsa da farfelarsa da buhunan ƙusoshi, tare da littafi mai kauri da harshen mutanen teku, wanda ke bayyana yadda ake haɗa shi. Harshen yana cikin huɗun nan da nake ji. Kafin mu kai Tudun na karance littafin sau biyu.

Marzaƙu gari ne a kan shimfiɗaɗɗen dutse, kuma kusan kowane gida akwai jirgi a tsakar gidansa, ko haɗaɗɗe ko wanda ake kan haɗawa. Mutanen garin maƙera ne na ƙwarai. Ban ga ƙusa ɗaya a karkace a aikinsu ba. Amma da na ɗaga kai sai na ga abin da ya tsayar da ni. Jirage bakwai ne a sama a ranar, kuma dukkansu zagaye suke yi. Wasu dama, wasu hagu, wasu da faɗi, wasu a matse kamar jakin da aka ɗaure a turke. Babu guda mai tafiya miƙe.

Gabas da garin akwai Kwazazzabon Barandi, wanda ya tsaga duniyar nan daga teku zuwa teku. Zaitara tana wancan hayin. A da akwai gadar sarƙa da mutanen farko suka yi, wadda ake wuni ana tafiya a kanta. Shekara goma sha ɗaya kafin zuwana ƙasa ta yi girgiza, gadar ta tafi. Tun daga nan mutum arba'in da uku suka fuskanci kwazazzabon da jirgi. Talatin da tara jirgin ya karkato da su ya dawo gida. Huɗu sun yi kokawa da sandar tuƙi har hannu ya gaji a tsakiyar iskar ramin, ba a sake ganinsu ba. Sai dattawa suka kafa doka: sau ɗaya mutum zai gwada a rayuwarsa, kuma sai idonsa ya iya ƙirga tutoci bakwai daga wannan ƙarshen filin tashin jirage zuwa wancan. Suka kuma koya wa kowa cewa Tudun ba ya sakin 'ya'yansa, don haka idan jirgi ya karkata, a bi shi gida.

Masaukina ya faɗo gidan Inna Tsahara, matar wani maƙeri da ya rasu, ita ma maƙeriya, mai shekara hamsin da takwas. Ba ta yawan tambaya. Sunana ma ba ta riƙe ba, Mai-littafi take ce mini. Kowace safiya takan hau soro da madubi ta haska gabas sau uku. Kowace la'asar, lokacin da rana ta koma bayanmu, takan sake hawa ta tsaya, sai wani ɗan haske ya amsa daga can ƙarshen duniya. Wannan 'yarta ce Ladidi, wadda ta haye sayen baba na rini ana gobe gada za ta faɗi.

A kwana na uku na lura hasken biyu ne, ɗaya tsayayye, ɗaya mai rawa. Na tambaye ta. Ta ce shekara huɗu ke nan da na biyun ya fara, kuma kowace shekara rawarsa raguwa take yi. Hannun yaro ne, in ji ta, yana girma. Ba ta san ko namiji ne ko mace ba. Ta ƙara da cewa bara tana rarrabe hasken biyu sarai, bana kuwa sai ta ƙanƙance ido. Yanar ido ta fara rufe mata gani. Tutocin nan bakwai, idan ba wannan ranin ba, ba za ta sake ƙirga su ba.

Jirginta yana ƙarƙashin rumfa. Shekara bakwai ta yi a kansa, huɗu da mijinta, uku ita kaɗai, ƙusa dubu goma sha huɗu. Abu ɗaya ya rage, shi ne hulunan fiffike. Haka suke kiran marufin da ake sa wa ƙarshen kowane fiffike: abu ne mai rami a ciki, marar nauyi kamar ƙwarya amma ya fi ta ƙarfi, gabansa a dunƙule, bayansa ya zube siriri kamar wutsiyar kifi. Ta dama tana da 'yar fitila koriya, ta hagu ja. Kuma a Marzaƙu mai jirgi ba ya sa hulunansa da kansa. Ta dama hakkin babban gidan uba ce, ta hagu ta babban gidan uwa. A kafa zana gaba da bayan jirgi ta raba tsakar gida biyu, mai jirgi ya zauna a kujerarsa a lulluɓe da mayafi, kowane gida ya yi nasa aikin. Ido ba ya tsallake zana, hannu ma haka.

A makon nan aka yi sa hula a maƙwabta. Da yake ni baƙo ne marar dangi a garin, aka ba ni tulu in riƙa kai ruwan sha ɓangare biyu. Ta haka na zama mutum na farko, ina jin, da ya ga hulunan jirgi ɗaya ana sa su duka biyu. Na ga dattijon dama ya daidaita tasa tsaf, har ya ɗauki abin huda, sai ya dubi zana, ya yi jim, ya ɗaga wutsiyar hular yatsa biyu sannan ya huda. Na zaga hagu, na tarar da nasu dattijon ya dubi zana shi ma, ya ɗaga yatsa huɗu. Washegari jirgin ya tashi, fiffiken hagu ya sunkuya, ya shiga zagaye ta hagu.

Littafin mutanen teku ya faɗi abin a layi biyu. Wutsiyar hula ta tsaya daidai da leɓen tuƙi, wato ɓangaren bayan fiffike mai motsi wanda matuƙi ke karkata jirgi da shi. Hular da aka ɗaga wutsiyarta tana rage wa fiffikenta ƙarfin ɗauka. Ban yarda da littafi haka kawai ba. Na yi kwana tara ina bin gidaje da zare, ina yabon aikin mutane ina auna hulunansu, jirgi talatin da ɗaya. Ko sau ɗaya bai saɓa ba. Ɓangaren da aka fi ɗagawa a ƙasa shi ne ke sunkuyawa a sama. Har ya kai ina duban zagayen jirgi in faɗa wa kaina wane gida ne ya fi jin kansa a wannan zuri'a.

Na faɗa wa Inna Tsahara tana gyaran zarto. Ba ta ɗago ba. Ta ce marigayi ya taɓa zargin haka, amma wa zai tsaya gaban baffansa ya ce masa hannunsa ne ke mayar da mutane gida? Na ce to mu sa su da kanmu, mu biyu, aikin wuni ɗaya ne. Ta ajiye zarton. Ta ce jirgin da gidaje biyu ba su taɓa ba, ba a buɗe masa ƙofar fili, kuma ko da ana buɗewa, ita ba za ta tafi ta bar tsofaffinta da kunya ba.

Sai na ɗauki littafin na tafi wurin Baffa Korau, ƙanen mahaifinta, tsoho ɗan shekara tamanin da ɗaya, wanda ya sa hula goma sha biyu a rayuwarsa kuma yana iya lissafa su. Ya saurare ni har ƙarshe, ya juya shafin a hankali, ya dubi zanen.

Ya ce, "Aiki mai kyau. Amma masu littafin nan ba su da dangi."

Na ce mai yiwuwa ne. Na tambaye shi me ya sa yake ɗagawa, tunda idonsa ya fi nawa sanin daidai. Ya rufe littafin. Sannan ya ce shi bai taɓa ɗagawa don ya fi kowa ba. Ya san Jatau na gidan uwa zai ɗaga. Idan aka janye zana aka ga hular gidan uba a ƙasa, a gaban jama'a, da wane ido zai je makabarta ya gai da yayansa?

Jatau shi ne ƙanen mahaifiyarta, shekara biyar kawai ya ba ta, mutum mai dariya da kwalliyar hula. Na same shi yana cin gyaɗa a ƙofar gida. Ban gama tambaya ba ya ce wallahi shi da a bar shi, daidai zai sa, amma ai na ga tsohon can, wanda ko gaisuwa sai ya ɗaga haɓa. In bai ƙara yatsa biyu ba don kariya, an binne gidan uwa.

Na dawo ina tafiya a hankali. Na karanta littattafai da yawa a kan girman kai, amma ba shi na gani a nan ba. Babu wanda yake son ya hau. Kowa tsoro yake kada a bar shi a ƙasa, kuma zana ta hana shi sanin ko tsoron nasa yana da dalili. Awo ba shi ne ya ɓace musu ba, shaida ce babu. Ina shiga ɗaki idona ya faɗa kan jakata, inda tiyon Cindo yake a naɗe, gaba goma ba kamu ɗaya.

Inna Tsahara ce ta kai maganar, ba ni ba. Ta tara su biyu a zaure, ta durƙusa, ta ce ta san ido ba ya tsallake zana, hannu ma ba ya tsallakewa. Ruwa fa? Baffa Korau ya yi tunani mai tsawo. Kawu Jatau ya ce ai baƙon nan ma da tulu ya riƙa zagawa rannan, ba wanda ya ce uffan. Baffa bai so a ce Jatau ya riga shi ba, sai ya yanke cewa tun kakanni ruwa yana wucewa.

Muka sa ranar Laraba da hantsi. Kafin su zo, ni da ita muka daidaita jirgin kansa da tiyon, muka cusa 'yan allunan katako ƙarƙashin tayar hagu har fiffike biyu suka tsaya tsayi ɗaya. Muka ɗaure sandar tuƙi a tsakiya da katako biyu don kada leɓunan su motsa. Ta bi bakin kowace hula da magagari, tana gwadawa tana cirewa, har kowacce ta shige fiffikenta ba tilas, da ratar rabin yatsa tsakaninta da leɓen tuƙi. Sannan aka kafa zana, ta hau ta zauna, aka lulluɓe ta.

Na ratsa tiyon ta ƙarƙashin cikin jirgin. Na ɗaure baki ɗaya a wutsiyar hular dama, ɗaya a ta hagu, kowanne daf da gefen. Kowane tsoho ya daidaita tasa da leɓen tuƙi, na zuba ruwa har bakuna biyu suka cika taf. Na yi wa kowane ɓangare bayani iri ɗaya: muddin ruwanka yana baki, babu wanda ya fi ka. Idan wancan ya ɗaga, ruwa zai zubo a wurinka. Idan kai ka ɗaga, naka zai janye, nasa ya zube.

Ina tsaye a dama, Baffa ya ɗauki abin huda, sai ruwa ya tsiyayo daga bakin tiyon ya sauka a kan takalminsa. Ya dube shi kamar an kawo masa wasiƙar da ya shekara hamsin yana jira.

"Jatau. Ruwa a ƙafata."

Daga bayan zana Kawu Jatau ya amsa. "Hannuna ne ya yi rawa, Yaya. Tsufa."

"A gabana kake tsufa?"

Mutanen ɓangare biyu suka yi dariya, abin da aka ce ba a taɓa yi ba a ranar sa hula. Na zaga, Kawu ya mayar da tasa, na sake cikawa. Ina can hagu ban ko rufe tulu ba, ruwa ya ɓullo ya jiƙa hannun rigar Kawu Jatau. Ya ɗaga hannun yana nuna wa danginsa, fuskarsa cike da farin ciki.

"Yaya, kai ma tsufan ne, ko kuwa gwaji kake?"

Baffa ya ce gwaji yake, yana so ya ga ko abin baƙon yana aiki ta ɓangare biyu. Aka sake dariya, wannan karon ta fi tsawo, har wasu matasa suka fara zuga tsofaffin. Sai murya ta fito daga ƙarƙashin mayafi, ba da ƙarfi ba.

"Baffa. Kawu. Idona saura kaɗan. Duk yatsan da ɗayanku ya ɗaga, ba ɗan'uwansa zai sauke ba. Ni zai mayar gida."

Na cika tiyon karo na uku. Ruwan ya tsaya a baki biyu, yana ɗan ƙyalli, bai motsa ba.

Huda talatin da takwas kowace hula take ci. Suka fara daga gaba, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, suna komawa baya, kowace huda a sa mata ƙarfen riƙe na wucin gadi kafin a yi ta gaba. Ina kai da komo ina duban ruwa. Hannun Baffa yana rawa da gaske, na gani, amma ya kafa gwiwar hannu a kan fiffike, ya ƙi yarda kowa ya karɓa. Wajen huda ta ashirin na ji ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba, ko ruwan Jatau yana nan. Aka ce yana nan. Can kuma Kawu ya tambayi nasa. Suka haɗa wayoyin fitilu, suka ɗaure sukurori, kafin azahar aka janye zana. Jama'a suka tsaya a bayan jirgin suna duban wutsiyoyi biyu a layi ɗaya. Tsofaffin biyu kowanne ya je ya duba aikin ɗan'uwansa da kyau, yana neman aibi. Baffa ya ce ba laifi. Kawu ya ce shi ma haka ya gani.

Ranar Asabar ta ƙirga tutoci. Ta daɗe a kan ta bakwai, amma ta faɗe ta daidai. Ta zaɓi mu tashi bayan azahar, ba da safe ba kamar yadda aka saba, don mu isa lokacin da madubin Ladidi ke kama rana. Kujera biyu ce a jirgin, kuma ta ce tunda Mai-littafi ne ya kawo rigimar, ya zo ya zauna a cikinta.

Muka bar ƙasa. Garin ya ƙanƙance, gonaki suka wuce, sai dutse ya ƙare a ƙarƙashinmu kamar an yanke da wuƙa. A nan ne kowa yake karkata. Inna Tsahara ta sassauta yatsunta daga sandar, ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora hannuwa biyu a kan gwiwoyinta. Jirgin ya ci gaba gabas. Na dubi koriyar fitila, na dubi ja, dukkansu suna kan layin da sama ta haɗu da ƙasa. Na ga haɓarta ta ɗan ɗagu.

A tsakiyar kwazazzabon iska ta taso daga ƙasa ta buge mu. Jirgin ya faɗa kamar an janye masa tabarma, fiffiken hagu ya nutse. Sai na ga hannunta ya kama sandar ya fara binsa hagu, a hankali, cikin ladabi, kamar yadda aka koya mata tun tana yarinya. Hancin jirgin ya soma juyowa. Har na hango Tudun ta gefen ido.

Na sa bakina a kunnenta saboda ƙarar inji. "Inna, wannan iska ce, ba hula ba ce. Mayar da shi tsakiya ki gani."

Ta ce jirgi ya nemi gida, ba a yi masa gardama.

"Ke kika zauna a ciki ranar Laraba. Kin ji ruwa ya zuba karo na uku?"

Numfashi uku na ƙirga. Ta turo sandar dama, ta miƙar da fiffiken, ta mayar da hancin gabas, sannan ta saki. Jirgin ya girgiza sau biyu, ya zauna daram. Iskar ta sake bugunmu sau huɗu kafin mu fita, kowane karo ta gyara ta saki, a na ƙarshe har tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa kamar akuya mai taurin kai.

Hayin gabas ya taso, amma ita ba ta ganin komai sai dishi-dishi. Ta tambaye ni ko akwai fili. Ban kai ga amsawa ba haske ya buga mana a fuska, tsayayye, sai na biyu a gefensa, yana rawa fiye da kullum. Ta ce in bar shi, ta gani. Ta sa hancin jirgin tsakanin hasken biyu ta rage inji. Muka sauka a wata gonar da aka girbe, muka yi tsalle biyu, muka tsaya da kara a tayoyi.

Mace ta taho da gudu, ta tsaya taku uku daga jirgin kamar an ja mata birki. Suka dubi juna.

"Inna, kin tsufa."

"Ke kuma kin yi jiki. Ina baban rinin da na aike ki ki sayo?"

Daga nan ban saurari sauran ba, na tafi duba tayoyi, na daɗe ina dubawa. Da na dawo na tarar da yarinya 'yar shekara takwas a tsaye da gutsuren madubi a hannu. Sunan kakarta aka sa mata. Inna Tsahara ta kama wuyan hannunta ta juya shi ta ce ashe ke ce mai rawar hannun nan, gobe za a fara gyara.

Na shiga Gidan Littattafai na Zaitara a washegari, kuma ya kai yadda aka faɗa. Ina kwana na hamsin da uku a ciki na ji ƙarar inji. Na fito da alƙalami a hannu. Daga yamma jirgi yake tahowa, miƙe kamar an ja zare. Da ya tsaya sai ga Kawu Jatau a mazaunin tuƙi, Baffa Korau a gefensa a ƙudundune cikin bargo. Sun cire tsofaffin hulunan jirgin Kawu sun sake sawa da tiyon da na bari. Baffa ya ce shi ba yawo ya kawo shi ba, ya zo ne don kada a ce gidan uwa ya riga hayewa. Suka ƙi sauka, kowa yana jiran ya ga ƙafar wa za ta fara taɓa ƙasa, har sai da Inna Tsahara ta tsaya a gaban farfela ta ƙirga musu uku, suka diro tare, ɗaya dama ɗaya hagu.

Da la'asar mutanen Zaitara suka kewaye Baffa suna tambayar yadda aka yi jiragen Marzaƙu suka daina zagaye. Ina tsaye a bayansa. Ya gyara bargonsa, ya ce wata tsohuwar al'ada ce ta kakanninsu, ta sa ruwa tsakanin gidaje biyu, an ɗan manta da ita ne aka dawo.

Ban gyara masa ba. A ranar na ƙirga jirgi ɗaya. Kafin in bar Zaitara na ƙirga goma sha shida, kuma kowanne na tsaya na dubi fitilunsa biyu tun daga nesa har ya sauka.

Iyakar abin da na gani ke nan a Tudun Marzaƙu, na rubuta shi yadda ya faru, ban ɗaga masa ko yatsa ɗaya ba.